YAƘIN LIBIYA DA CHADI: HUJJOJIN DA AKA KAWO DA YADDA TA KAYA

Ƙasar Chadi maƙwabciyar Nijeriya ce da Nijar. Duk wanda ya san Maiduguri ko Gamboru ko Ngigmi ya san mutanen Chadi, ya san shanunsu da kifin tafkinsu. Akwai Hausawa da yawa da ke zaune a Injamena, babban birnin ƙasar, da wasu garuruwanta. Saboda haka abin da ya taɓa Chadi bai yi nisa da ƙofar gidan mai karatu ba.

Daga shekarar 1973 zuwa 1994 Chadi ta yi rigimar iyaka da maƙwabciyarta ta arewa, wato Libiya. Rigimar ta kai ga yaƙi mai zafi, musamman a shekarar 1987. Libiya ƙasa ce mai arzikin man fetur, mai tankoki da jiragen yaƙi. Chadi kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi talauci a duniya. Amma da aka gwabza, sojojin Chadi ne suka kori na Libiya.

Tambayoyi biyu ne za a duba a nan. Waɗanne hujjoji ne Libiya ta kawo na shiga ƙasar maƙwabciyarta? Kuma me ya sa mai manyan makamai ya sha kashi a hannun mai ƙananan motoci?

INA NE AUZU?

Auzu wani ɗan ƙaramin gari ne a dausayi, can ƙuryar arewacin Chadi, kusa da duwatsun Tibesti. Da sunansa ake kiran zirin ƙasar da aka yi rigima a kansa. Zirin ya bi iyakar ƙasashen biyu, ya miƙe daga wajen iyakar Nijar a yamma har zuwa wajen iyakar Sudan a gabas. Faɗinsa kimanin kilomita 100 ne. Girmansa duka ya kai murabba'in kilomita 114,000, wato kusan girman jihohin Borno da Yobe idan an haɗa su.

Yawancin wurin hamada ce, rairayi da duwatsu. Ruwan sama bai cika sauka ba. Mutanen wurin Tubawa ne, makiyayan raƙuma da awaki, masu dabino a dausayi. Ba su da yawa. Manomin da ya ga wurin zai yi mamakin yadda dubban mutane suka mutu saboda shi.

TUSHEN RIGIMAR

Faransa ce ta mallaki Chadi har zuwa 1960. Italiya kuma ta shiga Libiya a 1911, ta riƙe ta har lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Libiya ta sami 'yancin kai a 1951, a ƙarƙashin Sarki Idris. Turawa ne suka shata iyakar ƙasashen biyu a kan takarda, suna zaune a biranensu, ba tare da sun tambayi mutanen wurin ba.

Shugaban Chadi na farko shi ne Faransuwa Tombalbaye, mutumin kudu. Mutanen tsakiya da arewacin ƙasar suka yi ta kukan yawan haraji da zaluncin ma'aikatan gwamnati. A 1965 talakawa suka yi wa masu karɓar haraji bore a garin Mangalme. A 1966 aka kafa ƙungiyar 'yan tawaye mai suna Firolina a garin Niyala na ƙasar Sudan. Daga nan yaƙin basasa ya kama Chadi.

A 1969 Kanar Mu'ammar Gaddafi ya hamɓarar da Sarki Idris, ya karɓi mulkin Libiya. Ya fara ba 'yan tawayen Chadi makamai da kuɗi. A 1973 sojojinsa suka shiga Auzu, suka kafa sansani, aka riƙa ba mutanen wurin takardar shaidar zama 'yan Libiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da Chadi ba ta rabu a cikin gida ba, da shigar ba ta yi sauƙi haka ba.

HUJJOJIN LIBIYA

Hujja ta farko ita ce wata yarjejeniya ta 1935. Yarjejeniya alkawari ne da ƙasashe ke rubutawa su sa hannu. A wannan shekara ministan harkokin wajen Faransa, Labal, da shugaban Italiya, Musolini, suka sa hannu a birnin Rum cewa Faransa za ta bar wa Italiya zirin Auzu. Libiya ta ce ita ce magajiyar Italiya a wurin, saboda haka zirin nata ne.

Sai dai akwai gyara a maganar. Yarjejeniyar ba ta kammala ba. Ƙasashen biyu ba su yi musayar takardun ƙarshe da za su tabbatar da ita ba. A 1938 Italiya da kanta ta ce ta fasa. Kamar a yi cinikin gona ne, mai saye bai karɓi takarda ba, daga baya ma ya ce ba ya so. Bayan shekaru 35 sai magajinsa ya zo ya kafa bukka a gonar.

Hujja ta biyu ta tarihi ce da addini. Kafin zuwan Faransawa, ɗariƙar Sanusiyya tana da zawiyoyi a arewacin Chadi, tana karantarwa, tana kuma kula da hanyoyin ayari. Cibiyar ɗariƙar a Libiya take, kuma Sarki Idris jikan wanda ya kafa ta ne. Turkawa ma, waɗanda suka mulki Libiya kafin Italiya, sun taɓa ajiye sojoji kaɗan a Tibesti. Libiya ta ce duk wannan gadonta ne. Chadi ta amsa cewa zawiya ba ta shata iyakar ƙasa. Wani abin lura shi ne, shi Gaddafi ne ya tumɓuke sarautar gidan Sanusi, ya kuma takura wa ɗariƙar a cikin Libiya.

Hujja ta uku wata wasiƙa ce. Libiya ta ce a 1972 Shugaba Tombalbaye ya rubuta wa Gaddafi cewa ya amince Auzu ta Libiya ce. Sai bayan shekaru masu yawa Libiya ta fito da kwafin wasiƙar. Chadi ta ce jabu ce. Shi kuwa Tombalbaye an kashe shi a juyin mulkin 1975, balle a tambaye shi.

Hujja ta huɗu ita ce gayyata. Libiya ta ce 'yan'uwanta Musulmi na arewacin Chadi take taimako, kuma tana yaƙi ne da ragowar mulkin mallakar Faransa a Afirka. A watan Yuni na 1980 ta ƙulla yarjejeniyar abota da gwamnatin Gukuni Waddai, wanda ke shugabancin Chadi a lokacin. Da wannan takarda ta kafa hujjar tura sojojinta har Injamena.

HUJJAR CHADI

Ita Chadi takardu biyu ta riƙe. Ta farko yarjejeniyar abota ce da Faransa da Libiya suka sa wa hannu ran 10 ga Agusta, 1955. A lokacin Libiya ta riga ta sami 'yanci, gwamnatinta ce da kanta ta sa hannu. A cikin yarjejeniyar an lissafa tsofaffin takardun da suka shata iyaka, har da waɗanda Ingila da Faransa suka yi a 1899 da 1919. Waɗannan takardu sun bar Auzu a ɓangaren Chadi. Yarjejeniyar 1935 ba ta cikin lissafin.

Ta biyu ƙuduri ne na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. A taron Alƙahira na 1964 shugabannin Afirka suka amince kowace ƙasa ta tsaya a kan iyakar da ta tarar ranar da ta sami 'yanci. Sun san Turawa sun raba ƙabilu da dangi. Amma sun ga idan kowa ya ce zai gyara iyakarsa da bindiga, yaƙi ba zai ƙare a Afirka ba.

ABIN DA BA A FAƊA A FILI BA

Ruwa ba ya tsami banza. Bayan hujjojin da aka faɗa a rediyo, akwai waɗanda masu nazarin yaƙin suka gano. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa akwai ma'adinin yuraniyom a ƙarƙashin ƙasar Auzu, irin wanda ake haƙa a Arlit ta Nijar. Da shi ake samar da wutar lantarki da kuma makamin nukiliya. Duk tsawon shekarun yaƙin ba a haƙa shi a Auzu ba.

Na biyu, Gaddafi yana son gwamnatin da za ta bi maganarsa a Injamena. Yana da burin faɗaɗa ikonsa zuwa ƙasashen kudu da Sahara. Na uku, yana tsoron abokan gabarsa, wato Amurka da Faransa da gwamnatocin Masar da Sudan na lokacin, kada su sami wurin zama a bayan gidansa.

SHIGAR NIJERIYA TSAKANI

A farkon 1979 faɗa ya ɓarke a cikin Injamena. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kira ɓangarorin Chadi taron sulhu a Kano a watan Maris, ta kuma tura sojojin kiyaye zaman lafiya. Aka sake zama a Kano, sannan a Legas. A watan Agusta aka amince da kafa gwamnatin haɗin gwiwa. Gukuni Waddai ya zama shugaba, Hissen Habre ya zama ministan tsaro. Dukansu 'yan arewa ne, kuma tsofaffin 'yan tawaye. Abin da ya raba su tun da farko har da maganar Auzu, domin Habre ya ƙi yarda da zaman Libiya a wurin.

Zaman bai ɗore ba. A watan Maris na 1980 mutanen biyu suka gwabza a Injamena. Dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Kusiri ta Kamaru, wasu suka shigo Borno. A watan Disamba tankokin Libiya suka taimaki Gukuni ya kori Habre. A watan Janairu na 1981 aka ba da sanarwar cewa Libiya da Chadi za su haɗe su zama ƙasa ɗaya. Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka suka ƙi amincewa.

A ƙarshen 1981 Gukuni ya nemi Libiya ta janye, ta kuwa janye zuwa Auzu. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kawo sojoji daga Nijeriya da Senegal da Zayar, a ƙarƙashin wani hafsan Nijeriya, Manjo Janar Geoffrey Ejiga. Sojojin ba su shiga faɗan ba. Ran 7 ga Yuni, 1982, Habre ya dawo ya ƙwace Injamena.

LAYIN DA YA RABA CHADI BIYU

Gukuni ya koma arewa, Libiya ta sake ɗaure masa gindi. A 1983 suka kama garin Faya, babban dausayin arewa, bayan jiragen Libiya sun yi masa ruwan bama-bamai. Faransa ta kawo sojoji, ta ja layi a tsakiyar ƙasar, ta ce kada Libiya ta ƙetare shi. Chadi ta zama biyu: Habre a kudu da layin, Libiya da Gukuni a arewa.

A 1984 Faransa da Libiya suka yi alkawarin kowa ya kwashe sojojinsa. Faransa ta kwashe nata. Libiya ta bar dubbai a arewa, ta kuma gina babban filin jiragen yaƙi a wani wuri da ake kira Wadi Dum. A duk wannan lokaci Gaddafi yana cewa ba shi da soja a Chadi. A watan Fabrairu na 1986 aka sake kai hari kudu da layin. Faransa ta dawo da jiragenta, ta jefa bama-bamai a filin Wadi Dum.

A ƙarshen 1986 al'amari ya juya. Gukuni da Gaddafi suka ɓata. Aka harbi Gukuni a birnin Tarabulus, ya ji rauni, aka tsare shi. Da mayaƙansa na Tibesti suka ji labari, sai suka juya wa Libiya baya, suka haɗa kai da Habre.

ƘARFIN KOWANE ƁANGARE

A farkon 1987 Libiya tana da dubban sojoji a arewacin Chadi, da tankoki kimanin 300, da jiragen yaƙi kimanin 60. Yawancin makaman daga Tarayyar Sobiyet ta saye su da kuɗin mai.

Sojojin Chadi kimanin 10,000 ne. Ba su da tankoki ko jiragen yaƙin da za a kwatanta da na Libiya. Abin da suke da shi motoci ne ƙirar Toyota, irin a-kori-kurar da ke ɗaukar buhunan hatsi ranar kasuwa. Faransa ta ba su kimanin 400. A bayan motocin aka ɗora manyan bindigogi da wani makami mai linzami da ake kira Milan, wanda ke fasa tanka daga nisan kilomita 2. Saboda waɗannan motoci ne duniya ta sa wa yaƙin suna Yaƙin Toyota.

Babban kwamandan Chadi shi ne Hassan Jamus. Jamus sunansa ne, ba ƙasar Turai ba.

YADDA TA KAYA A 1987

Ran 2 ga Janairu Jamus ya faɗa wa sansanin Libiya da ke garin Fada da mutum kimanin 3,000. Motocinsa suka zo a guje ta ɓangarori daban-daban, suka kewaye tankoki. Kafin rana ta faɗi an gama. Bisa lissafin gwamnatin Chadi, an kashe sojojin Libiya fiye da 700, an lalata tankoki 92, ita kuwa ta rasa mutum 18. Lissafin mai nasara ne, amma waɗanda suka ziyarci wurin daga baya sun ga tankoki birjik a ƙone.

A watan Maris Libiya ta tura ayari biyu na tankoki daga Wadi Dum don su ƙwato Fada. Sojojin Chadi suka yi musu kwanton ɓauna a Bir Kora, suka tarwatsa su. Waɗanda suka tsira suka ruga Wadi Dum, 'yan Chadi suka bi sawunsu. Sansanin yana kewaye da nakiyoyi da manyan bindigogi, da sojoji dubbai a ciki. Duk da haka ya faɗi ran 22 ga Maris. Sojojin Libiya fiye da 1,000 suka mutu, aka kama ɗaruruwa, har da kwamandansu Kanar Halifa Haftar. Aka bar jirage da tankoki da na'urorin hangen jirage lafiya lau. Sai da jiragen Libiya suka dawo suna jefa bama-bamai a kan kayan ƙasarsu, don kada abokan gaba su amfana. Kafin ƙarshen watan Libiya ta fice daga Faya.

Ran 8 ga Agusta sojojin Chadi suka shiga garin Auzu. Faransa ta ƙi raka su da jirage, domin tana son a kai maganar Auzu gaban shari'a. Jiragen Libiya suka yi ta luguden wuta. Ran 28 ga Agusta Libiya ta ƙwace garin. A wannan karon ta ajiye dogaro da tankoki, ta yi amfani da ƙananan motoci masu sauri, wato ta kwaikwayi dabarar Chadi.

Habre ya rama ran 5 ga Satumba. Jamus ya ɗauki mutum kimanin 2,000, ya kutsa cikin ƙasar Libiya kanta, ya afka wa filin jiragen yaƙi na Ma'atan Sara. Ya zagayo ta inda ba a zata ba. Chadi ta ce ta lalata jirage 26 a ƙasa, ta kashe sojoji fiye da 1,700, sannan ta janye. Ran 11 ga Satumba Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, a ƙarƙashin shugabancin Kenneth Kaunda na Zambiya, ta sa aka tsagaita wuta.

ME YA SA LIBIYA TA SHA KASHI?

Dalili na farko, ta rasa idanunta. A shekarun baya mayaƙan Gukuni ne ke shiga gaba. Su suka san rijiyoyi da hanyoyin duwatsu, su ke leƙen asiri, su ke faɗan ƙasa. Libiya tankoki da jirage take kawowa. Da suka juya mata baya, sai sojojinta suka zama baƙi a hamadar da ba su sani ba. Suka ƙunshe a sansani suna jira.

Na biyu, sojan Libiya bai san abin da zai mutu dominsa ba. Da yawansu samari ne da aka ɗauka aikin soja dole, har da 'yan makaranta. Shugabansu kuma yana faɗa wa duniya cewa ba su can. Akwai wata runduna ta baƙi da Gaddafi ya kafa, wadda aka cika da mutanen ƙasashen Sahel. Wasunsu 'yan ci-rani ne da suka je Libiya neman aiki, suka tsinci kansu da kakin soja. Shi kuwa sojan Chadi a ƙasarsa yake faɗa, yana ganin baƙo a dausayin kakanninsa.

Na uku, tsoron juyin mulki. Gaddafi da juyin mulki ya hau, saboda haka bai yarda da sojojinsa ba. Yana yawan sauya hafsoshi. Biyayya yake dubawa wajen ƙarin girma fiye da ƙwarewa. Rundunoni ba su saba yin atisaye tare ba, kuma ƙaramin hafsa ba ya iya yanke shawara sai ya jira umarni daga sama. Kafin umarni ya iso, motocin Chadi sun gama aikinsu.

Na huɗu, makami bai dace da wuri ba. Tanka tana da nauyi, tana shan mai kamar raƙumi ya sami rijiya. Daga Tarabulus zuwa Wadi Dum ya fi kilomita 1,500, kuma mai da ruwa da abinci duk sai an yi jigilarsu. A-kori-kura kuwa tana gudu a kan rairayi, ta ɓullo nan, ta ɓace can. Mayaƙan Chadi sun ɗauki tsohuwar dabarar harin mahaya raƙuma, suka mayar da ita kan mota. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Na biyar, Chadi ba ita kaɗai ta yi ba. Faransa ta ba ta motoci da makamai, jiragenta kuma suka tsare Injamena da kudancin ƙasar. Amurka ta ba da kuɗi da makamai da bayanan sirri, domin tana gaba da Gaddafi. Abin da ya faru a Auzu a watan Agusta ya nuna haka. Inda babu kariya daga sama, sojojin Chadi ba su iya riƙe gari ba.

HUKUNCIN KOTUN DUNIYA

Bayan duk wannan jini, Auzu tana hannun Libiya. Bindiga ba ta raba gardamar ba. A 1988 ƙasashen biyu suka maido da hulɗar jakadanci. Ran 31 ga Agusta, 1989, suka amince a birnin Aljiyas cewa idan sulhu ya gagara cikin shekara guda, za su tafi Kotun Duniya da ke birnin Heg na ƙasar Holan. A 1990 aka shigar da ƙara.

Kowane ɓangare ya kawo lauyoyi da taswirori da tsofaffin takardu. A gaban kotu, ita kanta Libiya ta yarda cewa yarjejeniyar 1935 ba ta taɓa fara aiki ba. Ran 3 ga Fabrairu, 1994, kotu ta yanke hukunci. Alƙalai 16 suka ba Chadi gaskiya, ɗaya ya saɓa. Kotu ta ce yarjejeniyar 1955 ta riga ta shata iyaka, kuma iyakar da aka shata tana nan ko da wa'adin yarjejeniyar ya ƙare.

Libiya ta karɓi hukuncin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura 'yan kallo kaɗan, cikinsu har da sojojin Nijeriya da na Gana. A ƙarshen watan Mayu na 1994 sojan Libiya na ƙarshe ya bar Auzu. Wannan abin yabo ne, domin ba kowace ƙasa ce ke bin hukuncin da bai yi mata daɗi ba. Ita ma Nijeriya ta bi irin wannan hanya a rigimarta da Kamaru kan Bakasi. Kotun ta yanke hukunci a 2002, aka kammala miƙa yankin a 2008.

ABIN DA YAƘIN YA CI

Bisa ƙiyasin Amurka, a 1987 kaɗai Libiya ta rasa sojoji kimanin 7,500 da makamai na dala miliyan 1,500. Chadi ta rasa kimanin 1,000. Wannan bai haɗa da talakawan da bama-bamai suka kashe ba, ko waɗanda suka bar gidajensu. Nakiyoyin da aka binne a arewacin Chadi sun ci gaba da kashe makiyaya da raƙuma da matafiya shekaru da yawa bayan an daina harbi.

Tartsatsin ya kai Nijar. Ran 19 ga Satumba, 1989, wani jirgin fasinja na Faransa da ya tashi daga Injamena ya tarwatse a sararin hamadar Tenere. Mutum 170 suka mutu. A 1999 wata kotun Faransa ta sami wasu jami'an Libiya 6 da laifin dasa bam a jirgin, ba su gabanta.

Manyan yaƙin ma ba su gama lafiya ba. A 1989 Habre ya zargi Hassan Jamus da shirin juyin mulki, aka kama shi, ya mutu a hannun gwamnatin da ya ceta. Abokinsa Idris Debi ya tsere Sudan, ya dawo ya kori Habre a watan Disamba na 1990, da taimakon Libiya. Wani kwamitin bincike na Chadi ya ƙiyasta cewa an kashe mutum kimanin 40,000 a zamanin mulkin Habre. A 2016 wata kotu ta musamman a Dakar ta Senegal ta ɗaure shi rai da rai, ya mutu a can a 2021. Nasararsa a kan baƙi ba ta wanke shi daga abin da ya yi wa mutanensa ba.

Shi kuwa Haftar, Gaddafi ya yi watsi da shi da sauran fursunonin. Ya koma abokin gabarsa, ya zauna a Amurka, ya dawo Libiya a 2011 ya shiga tawayen da ya kawo ƙarshen Gaddafi. A watan Oktoba na wannan shekara aka kashe Gaddafi. Idris Debi ya rasu a 2021 bayan raunin da ya samu a fagen yaƙi da wasu 'yan tawaye da suka shigo daga Libiya.

ABIN LURA GA MAI KARATU

Duk shugaban da zai kai wa maƙwabci yaƙi sai ya zo da hujja. Wani ya ce tarihi, wani ya ce addini, wani ya ce an gayyace shi. Mai sauraron rediyo ya kamata ya tambayi kansa: wace takarda ce ta tabbatar da wannan magana, kuma 'ya'yan wa za a tura? A yaƙin Chadi 'ya'yan talakawa ne suka mutu a rairayi, har da waɗanda neman abinci ya fitar da su daga gida. Matashin da zai tafi ci-rani ya san inda za shi, ya kuma karanta duk takardar da aka miƙo masa kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Rigimar iyakar ƙasa da ta iyakar gona jirgi ɗaya ya kwaso su. Tankoki 300 ba su ba Libiya Auzu ba, motoci 400 ma ba su dawo wa Chadi da ita ba. Takardar da aka rubuta a 1955, aka adana, ita ce ta yi aiki a gaban alƙalai. Wanda ya sayi gona ko ya karɓi jingina ko aro, ya sa a rubuta a gaban mai unguwa da shaidu, ya karanta da idonsa, ya adana. Idan gardama ta taso, a tafi wurin dagaci ko alƙali tun kafin a zare sanda. Wannan yana cikin amfanin zuwa ajin yaƙi da jahilci.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu da maƙwabtansu lafiya, amin.